Lambar da Shafin Mwendwa Ya Ƙi Karɓa

Akwai wani matashi a Nairobi mai suna Mwendwa, mai rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani da ke kan titin Ngong. Ya iya aikinsa, ba zan tauye masa haƙƙi ba. Cutarsa ɗaya ce: ba ya so a ce ya dogara da aikin wani.

Kamfaninsu ya gina wa wasu asibitoci manhajar masu ba da gudummawar jini. Mutum zai yi rajista da lambar wayarsa, ranar da aka rasa irin jininsa sai asibiti ya kira shi. Ke nan in lambar ba ta shiga ba, manhajar ba ta tsinana komai ba.

Abokiyar aikinsa Nekesa ce ta rubuta ƙa'idar da ke tantance ko lambar waya daidai take. Ta ajiye ta wuri ɗaya, kowane shafi na manhajar yana ja daga can. Shafin da mutum ke sauya lambarsa kuwa, Mwendwa aka ba. Maimakon ya jona shi da ƙa'idar kowa, sai gogan ya kwafe ta ya liƙa a nasa.

Suna shan shayin safe Nekesa ta tare shi.

"Mwendwa, me ya hana ka jona shafinka da sauran?"

"Layi uku ne fa na rubutu, madam. Saboda layi uku sai in ɗaure shafina a ƙugunki?"

"Ranar da abu ya canza fa?"

"Me zai canza? Tun ina goye lambar Kenya da 07 take farawa. Ci chapatinki kafin ya huce."

Aka kwashe da dariya.

Ba a daɗe ba kamfanonin waya suka fara raba layuka masu farawa da 01. Nekesa ta gyara ƙa'idar a wurinta guda, duk shafukan suka karɓi sababbin lambobi, ban da na Mwendwa. Ta tuna masa. Ya ce, "Na ji, shugaba, zan duba." Da wani ne ya faɗa, da ya gyara nan take. Amma da yake ita ce, sai ya share. Wannan wurin ne ke ƙona mini rai har yau.

Wata rana da la'asar, wata mata mai suna Kerubo ta haihu a ɗaya daga cikin asibitocin, jini ya ɓalle mata. Irin jininta ba a cika samunsa ba, babu ko leda ɗaya a ajiye. Ma'aikaciyar jinya ta buɗe manhaja, ta ga mai irinsa mafi kusa shi ne wani dattijo, Mzee Barasa, direban matatu, wato motar haya, gidansa bayan asibitin.

Ta kira, layin a mace. Ta sake kira, a mace.

Mutum na biyu yana can garin Thika, wajen Nairobi. Ya taso da gudu, cunkoson motoci ya riƙe shi a hanya. Kafin ya iso Kerubo ta cika, ta bar jaririya.

A bakin maƙwabta Mzee Barasa ya ji labari, har da cewa an kira tsohon layinsa ba a same shi ba. Ya yi ta tambaya har ya gano ofishin kamfanin, ya hau bene da waya a hannu.

"Wane ne ya yi wurin sauya lamba?"

Kowa ya juya ya dubi Mwendwa.

Tsohon bai ɗaga murya ba. "Ɗana, na sauya layi tun bara. Na gwada saka sabuwar lambata mai 01 har na gaji. Kullum sai abin nan ya rubuta mini da ja wai lambata ba daidai ba ce. Lambata ce fa, da ita fasinjoji ke kirana. Ranar nan ina ƙofar gida ina wanke mota. Katanga ce kawai tsakanina da yarinyar."

Nekesa ta sunkuyar da kai tana hawaye.

Mwendwa ya ja kwamfutarsa, ya goge layukansa uku, ya jona shafin da ƙa'idar kowa. Ko shayin da aka kawo wa baƙon bai huce ba ya gama.

"Gwada yanzu, Mzee."

Tsohon ya danna lambobin a hankali. Shafin ya karɓa. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ɗago.

"Dama iyakar aikin ke nan?"

Mwendwa ya gyaɗa kai.

"To tashi mu je, ka gaya wa mijin marigayiyar da bakinka. Ni na rasa abin da zan ce masa."

Darasi: Ƙa'idar da kowa zai yi aiki da ita, a bar ta wuri ɗaya, gyara ɗaya ya wadatar da kowa. Kuma kada ka ƙi gyara don kawai ba ka son bakin da ya fito. Girman kan da kake gani naka ne kai kaɗai, wani ne can da bai san ka ba zai ɗanɗana kuɗarsa. Ku tura wa abokan aikinku, musamman wanda ba a isa a gaya masa ba.