Beguwa da Tsohuwar Bishiyar Kan Dutse

An yi wata Beguwa mai kwaɗayi a wani daji can ƙololuwar dutse, inda gajimare ke ratsawa ta tsakanin itatuwa. Raminta yana gindin wata tsohuwar bishiya, wadda ko kakannin kakanni a haka suka tarar da ita. Daga ƙarƙashin saiwoyinta wani ɗan marmaro ke ɓulɓulowa, kowa a nan yake sha. Maƙwabcin Beguwa kuwa Rema ne, tsoho mai yawan mita.

Wata rana Beguwa ta gatsi ɓawon bishiyar, ta ji zaƙi kamar rake. Daga nan ta daina wahalar tonon doyar daji, kullum sai ta ɓantari ɓawo ta ƙara gaba.

Rema ya tsawata mata. "Ke 'yar nan, zagaye ta kike yi da haƙori. Ran da wannan baki ya haɗu da wancan, ta mutu."

"Baba Rema, bishiyar da ta gagari tsawa ce haƙorina zai kayar? Kai dai haushi kake ji don naka sun zube."

Rema ya kwashe iyalinsa ya koma wani tsauni.

Bakin ya haɗu, bishiya na nan tsaye, Beguwa ta yi ta dariya. Sai da shekara ta zagayo ganye ya fara zuba. Tsuntsaye suka tashi, marmaro ya ƙafe. Da damina ta yi ƙarfi, iska ta tumɓuke bishiyar, ƙasa ta zaftare har da ramin Beguwa. Da ƙyar ta fito da 'ya'yanta.

Cikin tarkacen ta ga wani ɗan tsiro na irin bishiyar, bai kai tsawon ƙayarta ba. Ta je ta kirawo Rema, kanta a sunkuye, ta tambaye shi yaushe tsiron zai yi inuwa.

Ya daɗe yana duban tsiron. "Ba ni zan ga ranar ba, ba ke ba, ba jikokin jikokinki ba."

Beguwa ta kwanta kusa da tsiron cikin rana, ta miƙe ƙayoyinta don kada gada ta cinye shi. A haka ta tsufa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin da ya ɗauki zamanai kafin ya girma, kwaɗayin ɗan lokaci yana iya hallaka shi, kuma nadama ba ta mayar da shi.