Cinyar Ragon Sunan Ihsan

Ku gyara zama, mai gyangyaɗi a mintsine shi, don labarin nan sai an yi gardama a kansa. Duk wanda ya ce ya taɓa jin irinsa a wani bakin, a ba shi ruwa ya wanke ƙarya.

A wani gari can gabas aka yi wata mata, Tabawa, matar Barau tela. Ta sauka lafiya, jinjiri ya tsala kuka, maƙwabta har sun fara guɗa. Ungozoma kuwa ta duba, ta sake dubawa. Aka ce, "Iya, me aka samu?" Ta ce, "An samu mutum." Ashe jinjirin mata-maza ne, wato halittar gabansa ba ta tsaya sak a ta namiji ba, ba ta kuma tsaya a ta mace ba. Ban da wannan garau yake, yana tsotso kamar za a ƙwace, ya kuma tsula wa ubansa fitsari a sabuwar riga.

To, kun san halinmu da zuwa barka. Kafin a ce "ina gajiya" an ce "mace ko namiji?" Tabawa ta dinga lulluɓe ɗanta tana cewa barci yake yi. Barau ya daina fita majalisa. Ana haka wani ya haɗa shi da mai wani ɗan ƙaramin asibiti a bayan gari, wanda ya ce a kawo jinjiri kafin suna, zai yanke nan ya ɗinke can, ya mai da shi mace, ba mai ji ba mai gani. Barau tela ne, ya saba in riga ta yi tsawo a rage ta, sai ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Tabawa ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta ce jikin mutum ba yadi ba ne. Ya ce ya gama magana, da safe za a tafi. Ita kuwa ta aika wa 'yan'uwanta uku a ɓoye.

Na farko ƙanenta ne, Talle direba, shaƙiyyi na bugawa a jarida. Da sassafe ya faka tsohuwar motarsa a ƙofar gida, ya ce ai ba za a hau ta haya ba yana raye. Tabawa ta shiga baya da jinjiri, ba ta san me ƙanen nata ya shirya ba. Suna fita gari ya tsaya wajen 'yar Fulani, ya sa aka dama wa Barau fura mai kauri cike da ƙwarya. Mutumin da ya kwana biyu bai runtsa ba, ga fura, ga iskar mota, kafin a kai mararraba ya fara minshari. Talle ya kalli yayarsa ta madubi, ya kashe mata ido, ya miƙe hanyar birni. Barau bai farka ba sai a ƙofar babban asibiti. Ya ce, "Kai Talle, ina ne nan?" Talle ya ce, "Wallahi Yaya, motar ce ta ƙi shan kwana. Ka san tsohuwa, ba ta jin magana." Barau ya ciro takalmi, amma ƙanen mata abokin wasa ne, ba dama. Ba don Talle ba, da wuƙa ta riga ta yi aikinta kafin azahar.

Ta biyu yayarta ce, Ladidi, nas a asibitin. Ta tare ƙofar mota, ta karɓe jinjiri, Barau na ta kumfar baki. Ta ce, "Baban jariri, bari a duba shi. In likitoci suka ce sai an yi aiki, ni da hannuna zan riƙe masa ƙafa." Ta bi ofis-ofis da shi, aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki, don cikin irin waɗannan yara akwai masu ciwon da ke bukatar magani da gaggawa, dubawar ba wasa ba ce. Sakamako ya fito, babu ciwo. Babbar likita ta zaunar da su ta ce mafitsara lafiya, jini lafiya, babu dalilin tiyata. Abin da aka yanke ba ya komawa, yana iya tafiya da haihuwa ko jin daɗin aure, ya bar ciwo na har abada. Gwaji ma ya fi karkata ga namiji, a rene shi a haka, a riƙa kawo shi ana dubawa, in ya yi wayo shi zai faɗi yadda yake jin kansa. Tabawa ta ji kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ka, ta tuna mace aka so a mai da shi, sai ta ƙara rungume ɗanta. Ba don Ladidi ba, da yawon Talle ya tashi a asarar mai.

Amma a hanyar dawowa Barau ya ce, "Likita ba ta zama a majalisarmu. Ni me zan ce wa mutane ranar suna?" Tabawa ta gane har yanzu zuciyarsa na bayan gari.

Na uku babban wansu ne, Malam Haladu, mai karantarwa a zaure. Ya kira Barau, ya buɗe masa littafin fiƙihu, ya nuna masa malaman da can sun san irin wannan halitta, har rabonta na gado sun fayyace. Ya ce, "Wanda shari'a ta ware wa gado, kai ne za ka ce sai an yi masa kwaskwarima kafin ya zauna a duniya?" Ranar suna Malam ya raɗa Ihsan, sunan da mace ke amsawa namiji ke amsawa. Ya ce wa wanzami aski kawai, sauran ƙarafa su yi zamansu a zabira. Wani ɗan gulma ya leƙo ya ce, "Malam, wai ni mace ce ko namiji?" Malam ya ce, "Aure ka zo nema?" Wuri ya kece da dariya. Sannan Malam ya ce raɗe-raɗin da suka ji gaskiya ne, halittar Allah ce ba kuskure ba, duk wanda aka ba irinta ya kai babban asibiti a duba lafiya, kada kunyar mutane ta sa shi yanka ɗansa. Barau da kansa ya ɗauko Ihsan ya zagaya da shi, baki har kunne. A cikin gida wata tsohuwa ta ja Tabawa gefe, tana tambayar hanyar asibitin saboda jikarta da suke ta ɓoyewa. Ba don Malam Haladu ba, da Barau ya saci jiki ya koma bayan gari.

Da aka zo rabon rago, cinya ɗaya ta mai jego ce, ba gardama. Ɗayar kuwa Tabawa ta ce ta wanda ya ceci ɗanta daga wuƙa ce. Talle ya miƙa hannu, Ladidi ta buge shi da ludayi, Malam ya yi gyaran murya ya matso da buzunsa. An ce ba a raba ta.

To jama'a, mai mota, mai allura, ko mai littafi, wa za a miƙa wa cinyar nan?