Ragunan Dagaci Barmo

Dagaci Barmo ya ba wata tsohuwa, Tabawa, kiwon tumakinsa. Da shekara ta zagayo suka haifi goma, takwas mata, biyu maza. Sai ya sa aka kira ta.

"Ƙanena ya karanta ƙididdiga a jami'a," in ji Dagaci. "Ya ce rabi maza ake sa rai, rabi mata. Tazarar nan ta yi yawa, musanya mini raguna kika yi. Ki cika su biyar kafin Sallah, ko in ƙwace gonarki."

Tabawa ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, wato in abin da aka samu ya yi nisa da abin da aka zata, sata ce?"

"Sata ce tsagwaronta!"

"To 'ya'yan gidanka nawa ne?"

"Goma, kowa ya sani."

"Maza fa?"

Dagaci ya gyara rawani. "Ɗaya."

"Innalillahi! Ai taka tazarar ta fi tawa. A kamo ungozoma ta fito da huɗun da ta musanya."

"Ke! Wannan ikon Allah ne!"

"Au, ashe ikon nasa a ƙofar gidanka ya tsaya, bai ƙaraso turkena ba?"