Mutum Ɗaya a Ƙofar Sakatariya

Akwai wani dattijo a Kalmalo da ake kira Malam Almu, manomin albasa ne. Lambunsa yana bakin tafki, gadon mahaifinsa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya tilo, Lubabatu, tana aure a Ƙonni. Shi kaɗai yake zaune a gida.

Wata shekara bayan ɗaukewar ruwa, wani babban kamfanin noma ya zo da takarda daga hukuma, wai an ba shi gefen tafkin. Ba a nemi shawarar kowa ba. Cikin sati biyu aka zagaye wurin da waya, aka girke manyan injunan jan ruwa, aka zuba masu gadi. Lambun Malam Almu da na mutum kusan arba'in suka faɗa ciki. Kowa ya san mai kamfanin ne ya ɗauki nauyin yaƙin zaɓen waɗanda suka sa hannu.

Manoma suka yi taro. Mukhtari, shugaban ƙungiyarsu, matashi mai baki, ya ce ranar Litinin kowa ya fito Illela a yi zanga-zangar lumana a ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma. Aka amsa, aka shafa fatiha.

Ranar Asabar motar kamfanin ta shigo gari da buhunan shinkafa da taliya. Aka yi wa matasa alkawarin aiki. Mukhtari kuwa aka ba shi sabon babur, aka naɗa shi mai kula da leburori.

Ranar Litinin Malam Almu ya isa sakatariya da tabarmarsa da buta, da wani kwali da malamin makaranta ya rubuta masa: "Ruwan Kalmalo na kowa ne." Ya tsaya yana duban hanya. Duk babur ɗin da ya ɓullo sai ya zaci mutanensa ne. Har aka kira azahar babu wanda ya zo.

Washegari ya dawo, jibi ma haka.

Ba ya zagi, ba ya tare hanya, don haka 'yan sanda suka ƙyale shi. Ciyaman yakan wuce a mota gilashi a rufe. 'Yan kabu-kabu suka laƙaba masa suna "ciyaman na waje". A masallacin garinsu, waɗanda suka karɓi shinkafa suka daina haɗa ido da shi, wasu ma ana sallame salla suke sulalewa don kada a gan su tare. Lubabatu ta kira shi tana kuka, ta roƙe shi ya koma wurinta ya huta. Ya ce mata zai zo, amma ba yanzu ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne komawa gida da yamma. Sai ya bi ta gefen waya, ya hango inda lambunsa yake an baje shi, ya shiga gida ya dafa shayi, babu wanda zai gaya wa yadda ya yini.

Wata rana Mukhtari ya tsaya da babur a gabansa.

"Baba Almu, mi kaka nema da wanga wahala? Manya sun riga sun gama magana. Ka zo in sama maka gadi."

Malam Almu ya ce, "Na gode, ɗana. Amma mun shafa fatiha bisa magana, kuma ban ji an warware ta ba."

Mukhtari ya yi dariya ya ja babur.

Da bazara ta shigo, injunan kamfanin suka janye ruwa. Rijiyoyin lambunan da ke bayan waya suka ƙafe, masunta suka rasa kifi. Shinkafar da aka raba ta daɗe da ƙarewa. Kamfanin ya kawo motocin girbi, ya sallami leburorin gari, ya karɓe babur ɗin Mukhtari.

Kwana saba'in da uku Malam Almu yana zuwa shi kaɗai. A rana ta gaba ya tarar da Mukhtari tsaye a gindin katangar sakatariya, kai a sunkuye. Mukhtari ya fara ba da haƙuri. Dattijon bai bari ya ƙarasa ba. Ya shimfiɗa tabarma ya matsa gefe.

"Zamna. Ka riƙa mini kwalin, hannuna ya gaji."

Labarin nan ne ya karya tsoron sauran. Da ma abin da ya hana su fitowa kunya ce, suna zaton zai goranta musu. Da suka ji yadda ya karɓi Mukhtari, masunta suka zo, manoman ƙauyen Amarawa suka zo, mata masu sayar da soyayyen kifi suka zo da goyonsu. Wani ɗan jarida ya kai maganar rediyo. Da taron ya cika titi, ciyaman ya fito da kansa, ya gaisa da dattijon da ya yi fiye da wata biyu yana wuce shi a mota.

Ba a samu komai da komai ba. An dai janye wayar baya, an rage injunan, an mayar wa da yawa filayensu. Rabin lambun Malam Almu ne ya dawo, noman shekarar kuma ya riga ya wuce.

Da lokacin dashe ya zagayo, ya saɓa fartanya ya nufi lambu bayan asuba, yana tunanin yadda zai fasa ƙasar da motoci suka danne. Yana isa ya tarar da mutum fiye da ashirin sun riga shi, sun yi nisa da yin fangalin dashe, wasu sun kawo irin albasa daga nasu. Ya tsaya yana kallonsu. Can ya share ido da bakin rigarsa ya ce, "To ku bar mini layi guda in yi da hannuna."

Darasi: Kada ka sayar da haƙƙinka da na 'ya'yanka saboda abin da za ka cinye cikin wata guda. Idan kana kan gaskiya ka tsaya cikin lumana ko da kai kaɗai ne, kuma duk wanda ya dawo daga baya ka matsa masa wuri ba tare da gori ba. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda yake tsaye shi kaɗai yau yana bukatar jin wannan.