Ranar Da Gizo Ya Raɗa Wa Daji Sunansa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani daji can, kowane wuri da sunansa, kuma sunan ne ke gaya maka abin da za ka tarar. In an ce Dutsen Zuma, to akwai zuma. In an ce Rafin Sanyi, ko da bazara ruwansa sai ya kama maka haƙori. Fadamu kuwa ba iyaka. Akwai Mai Jar Ƙasa, akwai Mai Giginya, akwai Haɗiye-Raƙumi, wadda taɓonta ya taɓa shanye raƙumi da kayansa.

Abin nan ya tsaya wa Gizo a rai. Mataccen raƙumi ma da fadamarsa, shi ko kwazazzabo ba a ba shi ba. Kun dai san Gizo da hassada. Ya yi ta zarya gidan Zaki da daɗin baki har aka naɗa shi Sarkin Suna. Washegari ya sa aka yi shela: daga yau sai Dutsen Gizo, sai Rafin Gizo, kowace fadama kuma Fadamar Gizo ce. Wanda ya faɗi tsohon suna zai sha bulala.

Kunkuru ya ce, "Ranka ya daɗe, in zan hana ɗana zuwa mai taɓon nan, me zan ce masa?"

Gizo ya ce, "Ni na haifa maka shi?"

Da damina ta zauna, Gizo ya fita rangadi. Ya iso bakin wata fadama, ya tambayi Zomo, "Wace ce wannan?"

"Fadamar Gizo ce, ranka ya daɗe."

Daɗi ya kama shi, ya shiga da taƙama. Taɓo ya riƙe shi har gwiwa.

Ya hango Kurciya a kan wata bishiya, ya ce, "Maza ki gaya wa matata Ƙoƙi ta zo da igiya, ina Fadamar Gizo."

Kurciya ta kai saƙo. Ƙoƙi ta ce, "Wacce daga ciki?"

"Ni dai bayana ba zai ɗauki bulala ba," in ji Kurciya, ta koma kan bishiyar.

Ƙoƙi ta tara jama'a suka nufi Mai Jar Ƙasa, ba kowa. Taɓo ya kai wa Gizo ƙugu. Gizo ya sake aiken Kurciya da sunan nan dai, jama'a suka nufi Mai Giginya, ba kowa. Taɓo ya kai masa wuya.

Nan fa tsoro ya shige shi sosai. Ya ce, "Kurciya, don Allah, ki ce Haɗiye-Raƙumi."

"Bulalar fa?"

"Na yafe. Ki faɗa da ƙarfi."

Da jin sunan, ko yaro ya san inda za a dosa. Suka tarar saura hancin Gizo kawai a waje. Aka jefa igiya, jama'a na ja, taɓo na ja, har ƙafafun Gizo suka miƙe suka zama siri-siri kamar tsinken tsintsiya. Haka suke har yau. Kafin ya gama wanke taɓon, kowane wuri ya koma sunansa na dā, ba wanda ya nemi izininsa.

To jikokina, sunan da kakanni suka raɗa wa dutse ko rafi ba ado ba ne, gargaɗi ne suka bar mana. Wanda ya goge shi don girman kai, ƙafarsa ce za ta fara faɗawa.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya nemi tabarmarsa.