Tambayoyin da Dogo Ya Tsallake

Akwai wani matashi da ake kira Dogo, yana aiki a kantin maganin kawunsa. Idon kawun ya fara mutuwa, ko rubutun jikin kwalba ba ya iya karantawa. Masu duba kantuna suka zo suka ce in ba a samu mai lasisi ya tsaya a kantin ba, za su garƙame shi.

Daga ranar duk gida aka zuba wa Dogo ido, shi zai zauna jarrabawar lasisi.

Littafin gwajin da ya saya ya kasa tambayoyi kashi uku: masu sauƙi, matsakaita, da masu tsauri. Dogo ya manne wa na farko. Sunan magani da amfaninsa, yana cinye su tas, yana jin daɗi. Da ya leƙa na baya ya ga doguwar tambaya, sai ya rufe.

Wata rana yayarsa, malamar makaranta, ta ɗauki littafin. Gabansa ya yi baƙi da biro, bayansa fari fat.

"Dogo, waɗannan fa? Na farkon hadda suke nema. Na ƙarshen so suke ka yanke hukunci, ga mai ciki, ga hawan jini, me za ka ba ta?"

"Yaya, a cikin magani na tashi. Ba a koya wa kifi iyo."

Ta ajiye littafin a hankali. "Ruwa ma zurfi-zurfi ne."

Ranar jarrabawa, shafin farko ya tafi kamar shan ruwa, har yana murmushi. Da ya juya takarda murmushin ya ɗauke. Kowace tambaya labari ce, amsoshi huɗu, kuma dukkansu kamar daidai. Bai kai ƙarshe ba aka ce a ajiye biro.

Sakamako ya fito babu sunansa. Ba a jima ba masu duba suka dawo da kwaɗo, suka garƙame kantin.

Har yau kawun yakan lallaɓo da safe, ya zauna a benci gaban rufaffiyar ƙofa. Bai taɓa yi wa Dogo faɗa ba. Dogo ya gwammace da ya yi.

Darasi: Tambayar da kake ci kullum ba ta ƙara maka komai. Ka san matakin kowace tambaya, ka fi ba wadda kake gudu lokaci. Ku tura wa duk mai shirin jarrabawa.