Dalilin da Ya Sa Zogi Ke Barci a Hannun Wani

Dalilin da ya sa in kun buge kuka shafa wurin da kanku zafin ba ya tafiya, amma Inna na ɗora hannunta sai kuka ya tsaya, ba tsafi ba ne, yara. Aikin wata mata ce mai suna Tambai, kuma da gangan ta yi.

A wancan zamani Zogi ba ya shiga cikin jiki. Wani ɗan abu ne kamar kaska, ga shi da naci. In ya maƙale wa mutum a gwiwa ko a wuya, sai ya sa farce ya tsinke shi, ya wurga ta kan danga zuwa gidan maƙwabci, maƙwabci ma ya wurga gaba. Kowa da hannunsa yake wa kansa magani.

Mijin Tambai masaƙi ne, sunansa Nomau, mutumin da bakinsa bai taɓa furta "don Allah" ba. Ran nan ta ga zare a kafaɗarsa, ta kai hannu za ta cire, sai ya ture ta.

"Kauce mini da hannun nan naki mai kaushi! Ni ma ina da nawa."

Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, don daka da wankin gidansa ne suka jawo kaushin. Ta ce, "To, Maigida. Ba zan ƙara taɓa ka ba sai ka roƙa."

Shi kuwa Zogi ya gaji da jifa, kuma duk garin ba wanda yake jin haushi kamar Nomau, don shi sai ya murza shi tsakanin yatsu kafin ya jefa. Sai ya bari Nomau ya sunkuya kan saƙa, ya hau bayansa, ya lalubo ɗan kwarin nan na tsakanin kafaɗu, ya kafa baki ya nutsa.

Nomau ya kai hannu ta sama, bai kai ba. Ya kai ta ƙasa, bai kai ba. Ya saci muciya ya gwada, ya goga bayansa da garu kamar akuya. Tambai na zaune tana tankaɗe.

"Maigida, sabuwar rawa ce aka fito da ita?"

"Motsa jini nake yi."

Kwana uku bai zauna kan saƙa ba, ko tuwo a tsaye yake ci. Tausayinsa ya kama ta, amma ta cije. A rana ta huɗu ya zo ya tsaya a kanta a karkace.

"Tambai, wai in da wani zai ɗan duba bayan wani..."

"Wane wanin?"

Ya yi ƙasa da murya. "Don Allah."

"Me ka ce? Kaji sun cika ni da surutu."

"Na ce don Allah!" Har maƙwabta sai da suka leƙo.

Ta sa shi ya yi rub da ciki a tabarma, ta lakato man kaɗanya. Ga wutsiyar Zogi nan a fili, tsinka ɗaya ta isa. Amma wadda ta jira kwana uku ba za ta gama a fizga ɗaya ba. Sai ta shiga shafawa a hankali, tana zagaye wurin.

"Nan ne?"

"Ƙasa kaɗan."

"Nan?"

Ta bi ta kan Zogi da tafin hannu, ta dawo, ta sake bi. Can sai kafaɗun Nomau suka saki, ya yi ajiyar zuciya. Ta kasa kunne ta ji wani ɗan siririn minshari. Ashe Zogi ne ya yi barci, don tun da yake bai san komai ba sai farce da jifa.

Tana ɗaga hannu ya farka, ya yi mata raɗa. "Baiwar Allah, kar ki jefa ni. In za a riƙa shafa ni haka, barci kawai zan yi."

Tambai ta dubi ƙeyar mijinta. Shekara ashirin suna tare, yau ne karon farko da ya kwanta lamo ƙarƙashin hannunta, kuma abin ya yi mata daɗi. Ta sunkuya ta ce a hankali, "Na bar ka, amma da sharaɗi. In hannunsa ne, kar ka runtsa. Sai hannun wani."

"Hannun da ke murza ni? Ai ko ba ki faɗa ba!"

Nomau ya ɗago kai. "Da wa kike magana? Kin cire shi?"

"Ya yi nisa, Maigida. Sai dai lallashi, safe da yamma."

Kafin sati Zogi ya kai wa danginsa labari, duk suka shige jikin mutane suna jiran a shafa su. Shi ya sa har yau ba mai iya tsinke Zogi ya jefar, kuma komai girman mutum, ko gemunsa ya kai ƙirji, in Zogi ya cije shi sai ya sauke kai ya nemi wanda zai ɗora masa hannu ya ce sannu.